Kanwar Tafkin Cadi da Ƙa'idar Daidaito

Babu kogin da yake fita daga Tafkin Cadi, ga kuma zafin rana, amma duk da haka ruwansa bai zama zartsi ba. Kanwar tana can gefe, a kwaruruwan da ke tsakanin tuddan yashi na ƙasar Kanem, inda ruwan da ya tsiyaye daga tafkin ta ƙarƙashin ƙasa yake ɓullowa.

Masana kimiyyar sinadarai suna bayyana samuwarta da ƙa'idar daidaito. Kowane irin gishiri yana da iyakar da ruwa zai iya ɗauka. Idan aka kai iyakar, abin da yake narkewa da abin da yake daskarewa sai su yi kunnen doki. Aikin bai tsaya ba, rinjaye ne kawai babu. A 1884 wani Bafaranshe, Le Chatelier, ya nuna cewa idan aka takura wa daidaito, yakan karkata ta inda takurar za ta ragu. To, a Kanem rana ce mai takurawa. Tana ƙafar da ruwan, alli ya fara kwantawa, domin kaɗan ruwa yake iya riƙewa. Sodiyam da ragowar kabonet su yi ta kauri, har su daskare su zama ungurnu, wadda fatake suka daɗe suna kaiwa Kano.