Waƙar makokin Jamusawa da aka tsara domin masu rai

Duk mai harkar shanu a kudu ya san cinikinmu da yawa na bikin binne gawa ne. Kwanakin baya wani dattijo Bayarabe ya zo kara a Legas sayen sa, mahaifiyarsa ta rasu. Baba na can yana ƙirga kuɗi, shi kuwa ya zauna a benci ya kunna wata waƙa a waya, ya yi shiru. Na ce, "Baba, wace waƙa ce wannan?" Ya ce sunanta Ein deutsches Requiem, a ƙungiyar mawaƙan cocinsu ya san ta. Daga nan na shiga bincike.

Wanda ya tsara ta Bajamushe ne, Johannes Brahms, haifaffen birnin Hambag a 1833. Mahaifiyarsa ta rasu a Fabrairun 1865, a shekarar ya duƙufa kan aikin, bai gama ba sai 1868.

A al'adar cocin Katolika, waƙar da ake kira Requiem da Latin ake rera ta, kuma addu'a ce ga mamaci. Brahms sai ya bi wata hanya daban. Da kansa ya tsinto ayoyi daga Baibul ɗin Jamusanci, fassarar Martin Luther, ya fuskantar da su ga waɗanda aka mutu aka bari. Wato dai ta'aziyya ce, a harshen da mutanen gari ke ji.

Kashi 7 gare ta, tana cin sama da awa guda. Akwai taron mawaƙa maza da mata, da makaɗa masu goge iri-iri, masu busa da masu ganguna, sai mutum biyu masu rerawa su kaɗai: namiji mai kaurin murya da mace mai siririyar murya. A kashi na farko ya hana ƙananan goge yin sauti gaba ɗaya, shi ya sa za ka ji farkon da nauyi, kamar gidan da aka yi rashi.

An gabatar da kashi 6 a babban cocin Bremen ranar 10 ga Afrilu, 1868. Shugaban mawaƙan cocin, Karl Reinthaler, ya yi ƙorafin ba a ambaci mutuwar Yesu Almasihu a ciki ba, amma Brahms ya ƙi ƙara komai. Bayan haka ya tsara kashin da yanzu yake na 5, inda mace ke rera batun rarrashi irin na uwa ga ɗanta. An rera cikakkiyar a Leipzig ranar 18 ga Fabrairu, 1869.

Abin da ya taɓa ni ke nan. Mu mazauna kudu a waya muke jin rasuwa. Kafin ka samu motar gida an riga an kai mamaci makwanci, sai dai ka tarar da zaman makoki. Haka ta faru da ni a rasuwar kakata. Addininmu da na dattijon nan ba ɗaya ba ne, amma na san abin da yake nema a wayar.

Da aka ɗora san a mota na ce masa, "Allah ya ba da haƙuri." Ya riƙe hannuna ya ce amin.