Matsa Fushi da Abin da Yake Haifarwa



A cikin Littafi Mai Tsarki na Kirista, wanda aka kammala fassara shi da Hausa tun 1932, akwai littafin hikimomi da ake kira Karin Magana, kuma a ƙarshen sura ta 30, wadda ake jingina wa wani mai hikima Agur, an ajiye fushi kusa da abubuwa biyu da kowane ɗan Potiskum ya sani: nonon da ake kaɗawa har mai ya taru, da hancin da ake murɗewa har ya yi haɓo. Wanda ya taɓa tsayawa ya ga Bafillatana tana girgiza gora, hannu bai huta ba, gumi na zuba, ya fahimci nufin Agur, domin man shanu ba ya fitowa da kansa, haka kuma husuma takan buƙaci mai zuga ta da naci kafin ta zama fitina.

An ga irin haka ranar Laraba, 2 ga Mayu 2012, lokacin da 'yan fashi suka faɗa wa kasuwar shanu ta Potiskum, karar da fatake ke nufa daga Nijar da Chadi, ake loda tireloli zuwa kudancin Nijeriya. 'Yan kasuwa suka yi ta maza, suka kama ɗaya daga cikin 'yan fashin, sai fushin da aka daɗe ana haɗiyewa saboda asarar dukiya ya sami masu rura shi. Aka lakaɗa masa duka, aka banka masa wuta. Da dare ya yi, abokansa suka komo da bindigogi da abubuwan fashewa, suka ƙona kasuwa, suka hallaka dabbobi, suka kashe mutane. Ƙidayar farko ta ce 34, wasu rahotanni suka haura 50.

A nan wajibi ne mu yi adalci. Alhakin jinin daren nan yana wuyan azzaluman da suka zubar da shi, kuma babu mai hankalin da zai zargi wanda aka zalunta don ransa ya ɓaci. Abin da yake ci mini rai shi ne muryar nan da takan tashi daga bayan taro, mai cewa a kawo taya, a kawo fetur, alhali mai ita bai yi asarar ko akuya ba, kuma da wuya a same shi a wurin idan ramuwa ta iso. Malamanmu na Musulunci sun san wannan illa, shi ya sa Imam Nawawi ya sa hadisin hani ga fushi na 16 cikin Arba'una, almajirai suna haddace shi tun suna ƙanana.

Maharan da suka komo ba su tsaya tantance wanda ya ɗaga sanda da rana ba. Sun buɗe wuta a kan dillali da makiyayi da mai lodi, duk wanda dare ya riska a cikin kara.