Mbps da MB/s: Me Ya Sa Fim Ke Daɗewa Kafin Ya Sauka Ko da Sabis Na da Ƙarfi?

Kamfanin sadarwa zai tallata maka gudun 100 Mbps, amma da ka fara sauke fim sai ka ga wayarka na nuna 11 ko 12 MB/s. A nan ne mutane da dama ke cewa an cuce su. Ba lallai ba ne. Lambobin biyu ba da ma'auni ɗaya aka auna su ba, kamar wani ya faɗi farashi da kwabo, wani kuma ya faɗa da naira.

Ƙaramin b da babban B

Gudun intanet da na netwok ana auna shi da bit, wanda ake rubutawa da ƙaramin b, wato Mbps. Girman fayil da gudun ma'ajiya kuwa ana auna su da bayit, mai babban B, wato MB/s. Bit takwas ke yin bayit ɗaya. Don haka duk lambar da ka gani da Mbps, raba ta gida takwas ka samu abin da zai shiga wayarka a kowace daƙiƙa:

- 20 Mbps: 2.5 MB/s
- 100 Mbps: 12.5 MB/s
- 1,000 Mbps, wato gudun kebul ɗin netwok na gigabit: 125 MB/s

A zahiri ma abin da za ka samu yakan ɗan gaza haka, domin wani ɓangare na gudun yana tafiya wajen bayanan da ke tsara tafiyar fayil ɗin.

Ina ma'ajiya ta tsaya?

Yanzu mu ɗora kayan ajiya a kan sikeli ɗaya. USB 2.0, wanda ya fito a shekarar 2000, gudunsa a takarda 480 Mbps ne, wato 60 MB/s, amma a aikace yakan tsaya tsakanin 30 zuwa 40 MB/s. USB 3.0 na 2008 ya kai 5 Gbps, ya ninka na farko fiye da sau goma. SSD ɗin kwamfuta mai mahaɗin SATA III yana kai kusan 550 MB/s, mai NVMe a kan PCIe 4.0 kuma yana kai kusan 7,000 MB/s.

A cikin waya ma akwai bambanci. Wayoyi masu araha galibi suna amfani da eMMC 5.1, wanda iyakarsa 400 MB/s ce. Manyan wayoyi kan zo da UFS 3.1 mai karanta kusan 2,100 MB/s, ko UFS 4.0 mai kusan 4,200 MB/s. Ka ga ke nan ma'ajiyar da ke cikin wayarka ta fi intanet ɗin da yawancinmu ke amfani da shi gudu nesa ba kusa ba.

Katin memori ne ke ja da baya. Katin da ke da lamba 10 a cikin harafin C, alƙawarinsa shi ne ba zai rubuta ƙasa da 10 MB/s ba. Mai lamba 3 a cikin harafin U, ko mai alamar V30, alƙawarinsa 30 MB/s ne.

Mafi nawa shi ke yanke hukunci

Idan kana ɗura ruwa a jarka, komai ƙarfin famfo, bakin mazurari ne ke ƙayyade yawan abin da zai shiga. Haka fayil yake: yana bi ta sabar da ya fito, ta netwok, ta kebul ko Wi-Fi, sannan ya sauka a ma'ajiya. Wanda ya fi nawa a cikinsu shi ne gudunka.

Ɗauki fim mai girman 2 GB:

- Ta intanet mai 20 Mbps: minti 13 da ɗoriya.
- Ta Wi-Fi mai 100 Mbps: ƙasa da minti 3.
- Ta kebul ɗin USB 2.0 a kan 35 MB/s: kusan minti 1.
- Zuwa katin memori mai rubuta 10 MB/s: minti 3 da daƙiƙa 20, komai gudun abin da ke turo shi.

Wannan ne ya sa a shagon tura fina-finai za ka ga kwamfuta ɗaya, kebul ɗaya, amma wani ya karɓi wayarsa nan take, wani kuma yana ta jira. Shi ne kuma dalilin da Xender ke barin Bluetooth a baya: Xender ta Wi-Fi yake turawa, Bluetooth kuwa bai wuce 2 zuwa 3 Mbps ba.

Kada bakin USB-C ya ruɗe ka

USB-C siffar baki ce kawai, ba gudu ba. iPhone 15 da iPhone 15 Pro, waɗanda suka fito a 2023, duka suna da USB-C, amma na farkon a 480 Mbps ya tsaya, na biyun kuma yana kai 10 Gbps. Kebul ma haka: da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa don caji gudun USB 2.0 kawai suke da shi.

Kafin ka kashe kuɗinka

Idan saukewa daga intanet ke nawa zuwa ma'ajiyar cikin waya, matsalar ta netwok ce ko ta sabar, sabon memori ba zai gyara ta ba. Idan kwafa zuwa kati ce ke nawa, ƙarin data ko komawa 5G ba zai taimaka ba, sai dai kati mai V30. Idan kuma kana ɗaukar bidiyon 4K kai tsaye zuwa kati, V30 ɗin shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata ka saya, don kada ɗaukar ta riƙa yankewa. Lokacin sayen waya, ka duba ko eMMC ce ko UFS, kada ka tsaya a kan yawan GB kaɗai. Kuma a kowane kwali ko talla, fara duba harafin: ƙaramin b ne ko babba?