Jan Biro Ba Shi Ne Shaidar Karatu Ba

Duk majalisar da aka ta da zancen makarantar da ya kamata a sa yaro, daga Takur zuwa Garu, daga Kiyawa zuwa Birnin Kudu, akwai yabon da ba ya canzawa. Za ka ji an ce, "Ai makarantar nan ba wasa. Kowace Juma'a sai an yi musu tes, kuma kafin rabin zango littafin yaro ya cika." Sai wani ya kawo kishiyarta: "Waccan kuwa, in ka bi ta bayan aji ba abin da za ka ji sai waƙa da tafi. Yaushe za su yi karatu?" A haka aka tsaya: cikar littafi da yawan tes su ne ilimi, abin da ya rage kuwa ɓata lokaci ne.

Masu wannan ra'ayi iyaye ne da suka damu, kuma suna da hujja. Da yawansu da gumin goshi suke sayen littafi da biro da yunifom, wasunsu ba su yi boko ba, littafin nan shi ne kaɗai tagar da suke leƙa aji ta cikinta. Sun kuma ga makarantun da yara ke wuni a gindin bishiya malami bai shigo ba. Saboda haka in uba ya buɗe littafi ya ga rubutu shafi bayan shafi, ga jan biro ya bi ta kai, hankalinsa ya kwanta, ba zan ga laifinsa ba. Littafin ya tabbatar masa da abu guda: malami ya zo, ya yi rubutu a allo. Inda na saɓa da 'yan'uwana shi ne a kan abu na biyu da suke zaton ya tabbatar, wato cewa yaron ya iya karatu.

A wani hutu ƙanwata ta kawo mini ɗanta, yana aji huɗu a wata firamare a nan Dutse. Ta miƙo mini katin sakamakonsa tana murna, ta ce, "Yaya, duba ka sa masa albarka, na uku ya zo." Na sa masa albarka. Na buɗe littattafansa: tara bisa goma, goma bisa goma, rubutu tsaf kamar na babba. Sai na yagi takarda na rubuta masa layi ɗaya da Hausa: Baba ya tafi Shuwarin ya sayo akuya. Ya ɗora yatsa a kan harafin farko, leɓɓansa na motsi, ya ce "Baba". Daga nan ya daina kallon takardar, ya koma kallon fuskata, yana jiran in faɗa ya maimaita. Na buɗe masa darasin Turanci na makon da ya wuce, nan take ya kwararo shi kamar ruwa. Na nuna masa kalma ɗaya a tsakiyar layi na ce, "Wannan fa?" Sai ya koma farkon layin yana rerawa yana ƙirgawa da yatsa har ya iso inda nake. Da na ce ya sake gwada layin akuyar, ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ba a yi mana wannan ba."

Gaskiya ya faɗa. Yaron ba dolo ba ne, haddarsa ma abin sha'awa ce. Shekara huɗu yana zana haruffa yadda ake zana hoto, ba wanda ya taɓa zama da shi ya ji ko yana iya haɗa su.

To ta yaya aka yi ya ci goma bisa goma, alhali ba wanda ya yi ƙarya? Sai a dubi yadda mako ke tafiya a aji. Litinin malama ta duba tsarin darussan zango, ta ga abin da aka ware wa wannan mako, ta rubuta bayani a allo, yara su kwafe. Talata da Laraba ta karanta, aji ya amsa da murya ɗaya. A cikin amsawar nan yara goma ne ke jan ragama, sauran suna bin sautinsu, kuma daga gaban aji sai ka rantse kowa ya iya. Alhamis a yi bita, sau da yawa da ainihin tambayoyin da za a yi gobe. Juma'a, kafin a tashi da wuri saboda masallaci, a rubuta tambaya biyar ko goma na cike gurbi. Wanda ya haddace ya cike, wanda bai haddace ba ya leƙa na maƙwabcinsa, tun da kafaɗa da kafaɗa suke zaune. A shigar da maki a rajista, a tara shi ya zama 30 ko 40 cikin 100, jarrabawar ƙarshen zango ta cike sauran. Ranar Litinin kuma sabon darasi, don takarda ta ce an shiga mako na shida. Mai biyu bisa goma da mai goma bisa goma tare za su wuce gaba. Tes ɗin ya auna abin da aka rera a makon, kuma ko abin da ya auna ɗin bai sauya komai a darasin Litinin ba.

Ba don haka aka kawo shi ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ce ta shigo da auna ɗalibi a kai a kai, aka fara aiki da shi sosai tare da tsarin 6-3-3-4 daga 1982. Nufin shi ne kada a yanke wa yaro hukunci da jarrabawar yini ɗaya, kuma malami ya riƙa gane inda yaro ya tsaya tun da sauran lokaci. Mun riƙe rajistar da layukanta, mun saki dalilin.

Kada a ce labarin yaro ɗaya ne. A 2021 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da UNICEF sun yi babban bincike gida gida a faɗin Nijeriya. Ba su tambayi katin sakamako ba. Sun miƙa wa yara 'yan shekara 7 zuwa 14 ɗan gajeren labari, suka ce su karanta su amsa tambayoyi. Kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai suka iya, haka ma a lissafi, kuma jihohinmu na arewa maso yamma suna ƙasa da wannan. Cikin waɗanda suka kasa har da masu zuwa makaranta, masu littafi da jan biro a jaka.

Abin da ya fi damuna shi ne, mun san hanyar da ta fi wannan, kuma a ƙofar gidajenmu take. Je ka kowace makarantar allo a ƙasar Dutse, ko tsangayun Jahun da Gwaram, ka zauna ka kalli alaramma. Hayaniya ta fi ta firamare, kowa na ɗaga murya da nasa karatun. Amma ba almajirin da zai wanke allonsa sai ya durƙusa gaban malam, shi kaɗai, ya biya. In ya yi tuntuɓe a harafi, malam ya gyara masa, ya ce koma ka ƙara. Ba a yi masa ƙari don yau Laraba ce, ko don ɗan'uwansa ya wuce. Mai babbaƙu yana babbaƙunsa, mai farfaru yana farfarunsa, mai zuƙu yana nasa, duk a inuwa ɗaya. Ka tambayi malam game da kowane yaro, ba zai ce maka ya ci kashi kaza ba, zai gaya maka surar da yake da inda harshensa ke sarƙewa. Ban ce a mai da firamare makarantar allo ba, kowacce da abin da take nema, kuma firamare tana bukatar yaro ya fahimci abin da ya karanta ya amsa tambaya a kai tun daga farko. Abu ɗaya nake so mu ɗauko: kunnen malami a kan bakin yaro ɗaya, da hana ƙari sai an iya na baya. Uban da ba zai yarda ɗansa ya wanke allo bai biya ba, me ya sa zai yarda a wuce da shi aji huɗu bai haɗa baƙi da wasali ba?

Wasu ƙasashen sun bi doguwar hanya kafin su iso nan. A Indiya ƙungiyar Pratham ta ga yara na wucewa aji zuwa aji ba karatu, ta fito da gwaji mai sauƙi a takarda guda: haruffa, sai kalmomi, sai 'yan jimloli, sai gajeren labari. A kira yaro shi kaɗai, a ga inda ya tsaya, a haɗa shi da masu matakinsa ko da ba ajinsu ɗaya ba, a koya musu daga nan, bayan 'yan makonni a sake aunawa a matsar da wanda ya ci gaba. Wannan salo ya iso maƙwabtanmu: a 2019 aka fara gwada shi a firamaren Dawakin Tofa da Wudil, Wudil ɗin nan da muke ratsawa in za mu Kano. Mu ma a Jigawa ba baƙi ba ne ga irin wannan tunani. Shirin ESSPIN da Birtaniya ta tallafa daga 2008 ya yi shekaru yana horar da malamanmu kan darasin da yaro zai sa hannu a ciki, daga baya shirin PLANE ya biyo da ƙarfafa karatu da lissafi a ƙananan azuzuwa. Malaman da suka samu horon nan suna nan a makarantunmu. Da yawansu in sun gwada, mu iyaye ne muke fara ƙorafi cewa littafin yaro bai cika ba.

Nan ne maganar waƙa da tafi ta shigo. Na taɓa tsayawa a bayan wani aji ɗaya a ƙauye. Malamar ta rubuta gaɓoɓi a ƙananan kwalaye ta raba wa yara. Ta ce, "Wa ke da ra? Wa ke da go? Ku fito." Yara biyu suka tsaya gaba, aji ya tafa sau biyu, ra-go. Ta ce su sauya wuri. Aka yi shiru, sai wata yarinya daga baya ta yi tsalle ta ce, "Gora!" Wanda ya bi ta bayan ajin tafi kawai zai ji. Amma a wannan minti yarinyar ta gano sirrin rubutu da kanta, abin da ɗan ƙanwata bai samu ba a shekara huɗu. Haka lissafi: yaron da ya ɗaure karan dawa goma goma da hannunsa, ko ya ƙirga ƙwallayen dabino, ya kwance ɗauri ɗaya don ya cire bakwai daga talatin da biyu, ya san ma'anar aro a lissafi. Wanda ya kwafe daga allo bai san daga ina ɗayan nan ya fito ba. Hausa kuma ta sauƙaƙa mana, don kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, yaro yana iya kama hanyar karatu da harshen da yake mafarki da shi, sannan ya ɗauki dabarar ya shiga Turanci. Farfesa Babs Fafunwa ya nuna amfanin koyarwa da harshen uwa a Ile-Ife tun daga 1970, da yaran Yarabawa.

Ban ce duk waƙa karatu ba ce. Akwai ajin da ake wuni ana rera haruffa ba wanda idonsa ke kan harafi, wannan hadda ce ta sauya riga. Bambancin yana da sauƙin ganewa: bayan an gama, a nuna wa yaro ɗaya abu ɗaya da bai taɓa gani ba, a ga ko zai iya.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiya: "Yara tamanin gare ni, ta ina zan saurari kowa?" Nauyin da ke kansu ba ƙarami ba ne, wasu ba benci, wasu ba littafin karatu ko ɗaya a ajin. Amma a yi lissafi. Sauraron yaro ya karanta layi biyu bai wuce minti ɗaya ko biyu ba. In malama ta saurari goma kullum yayin da sauran ke wani aiki, cikin kwana takwas na makaranta ta ji bakin kowa. Duba littafi tamanin da jan biro kowace Juma'a ya fi wannan cin lokaci, kuma bai gaya mata rabin abin da kunnenta zai gaya mata ba. Abin da ke hana ta shi ne abin da ake tambayarta. Jami'in da ya zo daga sashen ilimi na ƙaramar hukuma ko daga hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha (SUBEB), in tsarin darasi da rajistar maki kawai ya duba ya sa hannu, to takarda za a riƙa shirya masa. Ran da ya fara kiran yara biyar daga layin baya ya miƙa musu labarin da ba su sani ba, ran nan mako zai sauya a kowane aji. Haka mai makarantar kuɗi: abin da iyaye ke nema shi yake sayarwa. Mun nemi cikar littafi da "na ɗaya", ya ba mu. Zuwa na ɗaya kuwa yana nufin ka fi abokanka ne kawai, ko da dukanku ba ku iya ba.

Saboda haka ban ce a daina tes ba. A rage shi, a sa a cikinsa abin da ba a rera ba, kuma duk yaron da ya faɗi a san abin da za a yi masa ranar Litinin. Da ƙanwata ta koma ta sami malamar ɗanta cikin girmamawa, malamar ba ta yi musu ba, ta ce ta san akwai irinsa da yawa a ajin, amma ba wanda ya taɓa tambayarta wannan, maki kawai ake tambaya.

Ya kai uba, ya ke uwa, wannan Juma'ar in yaro ya dawo da takardar tes, ku yaba masa, ku sa masa albarka. Sannan ku rubuta masa layi biyu da Hausa waɗanda bai taɓa gani ba, in ba ku iya ba ku sa maƙwabci ya rubuta, ku zauna ku ji da kunnenku. In ya karanta, ku tambaye shi abin da labarin ya ce. In ya tsaya yana kallon fuskarku, kada ku dake shi, kada ku kunyata shi gaban ƙannensa. Ku ɗauki takardar ku je wurin malaminsa ranar Litinin, ku gaisa, ku nuna masa harafin da yaron ya tsaya.