Jinkirin Sautin Fiyano A Ɗakunan Waƙa Na Nyanya

Daga Wakilinmu Na Arewa

Jama'a, wanda duk ya taɓa zama kusa da mai kalangu ya san da makaɗi ya sauka bisa fata amo ke tashi. To, a ƙananan ɗakunan ɗaukar waƙa na Nyanya, bakin hanyar Abuja zuwa Keffi, samari suna fama da abin da mai kalangu bai san shi ba, watau a danna fiyano sai sautin ya yi nawa kafin ya fito, har yatsun mai kiɗa su rikice.

Fiyanon Yamaha da aka riƙa kaɗa waƙoƙin finafinan Kano da shi tun shekarun 1990, muryarsa tana cikinsa. Na yanzu kuwa sau da yawa bebe ne, kwamfuta ce ke ƙera sautin da manhaja irin su FL Studio. Ita kuwa ba ta sakin sauti sai ta cika mudu tukuna. A kowane sakan ɗaya akan yanka sauti gutsure 44,100. In an sa mudun ya ci 512, jiran ya kai kusan kashi 12 cikin dubu na sakan, kamar mutum ya tsaya mita 4 daga lasifika, wannan da sauƙi. In an rage shi zuwa 128, jiran ya koma kashi 3, amma kwamfuta maras ƙarfi sai ta fara ƙaraf-ƙaraf.

Sa'an nan ga bambancin tsarin da ke tafiyar da na'urar. Tsohuwar hanyar Windows tana zagayawa da sauti kamar motar haya mai tsayawa kowace tasha, shi ya sa kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da ASIO a 1997, wadda ke miƙa sautin kai tsaye. Akwai ma ASIO4ALL, kyauta ake samunta. Apple tun 2001 ya gina tasa gajeriyar hanyar, Core Audio, cikin Mac. Linux tana da JACK, sai dai tana son mai haƙurin saiti. Wayoyin Android kuwa kowace da halinta. Abin kunne na Bluetooth shi ne uban ɓarna, don yakan ƙara fiye da kashi 100.

Saboda haka 'yan'uwa na Agege da Sabon Badun, in ƙane ya bugo waya cewa sana'arsa ta tsaya sai an aiko kuɗin Mac, kada a yi garaje. Ba na musun kyawunta, amma kuɗin ba na wasa ba ne. A tambaye shi ko ya sa ASIO, mudun nawa ya ajiye, kuma abin kunnensa mai igiya ne ko kuwa. In duka sun daidaita abin bai daina ba, ɗan akwatin sauti na USB ya fi sabuwar kwamfuta araha nesa ba kusa ba.