Lambar da ya kamata a gano kafin a saka wa mota na'urar riƙe gudu

Duk direban da ke yin doguwar tafiya ya san yadda ƙafar dama ke gajiya a kan totur. Shi ya sa wasu masu motocin da ba su zo da na'urar riƙe gudu ba, wato kurus, suke sayo ta daban su kai wa mai wayarin ya haɗa musu.

Na'urar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya makaho ɗan Amurka, Ralph Teetor, ne ya ƙirƙiro ta, kuma kamfanin Chrysler ya fara saka ta a motocinsa a 1958. Sai dai wadda aka sayo daban ba ta san motarka ba. Dole a faɗa mata lamba ɗaya: sau nawa sensar gudu ke bugawa a kowace kilomita ko mil.

Me sensar ke yi?

A yawancin motoci, sensar gudu tana jikin akwatin giya. Yayin da mota ke tafiya, takan aika bugun lantarki zuwa maleji da ƙwaƙwalwar mota, kuma bugun na ƙaruwa daidai da ƙaruwar gudu. Mai waya biyu ta maganaɗisu ce, ita ke samar da wutarta. Mai waya uku kuwa tana karɓar wuta ne daga mota, sannan ta fitar da bugun ta waya guda.

Matsalar ita ce kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan lamba ɗaya ba. Motocin General Motors da dama na bayar da bugu 4,000 a kowane mil, na Ford da yawa 8,000, yayin da motocin Japan da yawa ke bayar da 2,548 a kowace kilomita. Na'urorin kasuwa kan zo da ƙananan maɓallai da ake saita wannan lamba da su.

Idan saitin ya kauce sosai, na'urar za ta iya ƙin kamawa, ko kuma mota ta riƙa fizga tana saki a tsakiyar hanya. A gudun kilomita 100 a sa'a, wanda shi ne iyakar da hukumar FRSC ta sa wa ƙananan motoci a manyan tituna, wannan ba abin wasa ba ne.

Yadda ake aunawa

Da farko a nemo taswirar wayoyin motar, ta shekararta da samfurinta, domin launin waya kan canza daga shekara zuwa shekara. Sannan a sami mitar lantarki mai alamar Hz, wadda ke ƙirga bugu a kowace daƙiƙa. A haɗa jar wayar mita da wayar siginar gudu, baƙar kuma da ƙarfen jikin mota.

Aikin na mutum biyu ne: ɗaya na tuƙi a hanyar da ba cunkoso, ɗaya na duba mita. A riƙe gudu ɗaya, a kuma gwada shi da GPS na wayar hannu, tunda canjin girman taya kan sa maleji ya kauce.

Lissafin shi ne a ninka abin da mita ta nuna da 3,600, a raba da gudun motar. Misali, idan ta nuna 42.5 a kilomita 60 a sa'a, an sami 2,550, kusan lambar motocin Japan ke nan. Idan takardar na'urar da mil take magana, sai a ninka da 1.609, a sami kimanin 4,100, a zaɓi 4,000.

Akwai gwaji mai sauƙi na tabbatar da waya: idan gudu ya ninka, lambar ma ta ninka. Idan kuwa tana hawa lokacin da aka taka totur alhali mota na tsaye, wayar juyin inji aka kama.

Inda ake tafka kuskure

Kada a yanki wayar sensar taya ta birkin ABS, domin hakan na iya dagula aikin birkin. Haka kuma sababbin motoci da yawa ba su da wayar gudu ta daban, saboda bayanin na bi ta layin CAN, wanda ya zama dole a motocin kasuwar Amurka tun daga samfurin 2008. Irin waɗannan suna buƙatar ƙaramin akwatin da ke mayar da bayanin zuwa bugu.

Gwaji na ƙarshe ya fi kowanne muhimmanci: da zarar an taɓa birki, ko kuloci a mota mai giyar hannu, dole na'urar ta saki totur nan take. Wasu na'urorin sun dogara da ƙwan fitilar birki wajen gane hakan, don haka mai fitilar LED ya tambayi mai wayarin ko ana buƙatar ƙarin rile. Idan ba ta saki ba, a cire ta kafin a hau babban titi.