Shinkafa Mai Dusa: Amfaninta Da Yadda Ake Dafa Ta

'Yan'uwa, in kun je kasuwa sayen shinkafa, wacce kuke zaɓa? Yawancinmu mukan nemi fara tas mai sheƙi. Wadda launinta ya yi ƙasa-ƙasa sai mu ce ba ta da tsabta. Amma wannan launin shi ne alamar cewa amfaninta yana nan a jikinta.

Yadda ƙwayar shinkafa take

Shanshera tana da riga biyu. Ta waje ita ce ɓuntu, ba a cin sa. A ƙarƙashinsa akwai siririyar fata, ita ce dusa. A gefe ɗaya na ƙwayar kuma akwai ɗan ido inda tsiro yake fitowa. Farin tsakiyar kusan duk sitaci ne, mai ba da ƙarfin aiki.

In an cire ɓuntu kaɗai, an sami shinkafa mai dusa. In inji ya ci gaba da goge ta har ta yi fari, dusar da idon sun tafi. A cikinsu ne yawancin bitamin B1 yake, tare da mai, da sinadaran da jijiyoyi da ƙashi suke bukata, da ɓangaren da yake taimakon hanji ya fitar da bayan gida.

An daɗe da sanin wannan. Wajen shekarar 1890, wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Aikman yana aiki a tsibirin Java na Indunusiya. Ya lura kajin da ake ba farar shinkafa ƙafafunsu suna mutuwa, in aka ba su mai dusa sai su warke. Irin wannan ciwo a jikin mutum ana kiransa beriberi. Yakan kawo mutuwar ƙafafu, kumburi da raunin zuciya. Rashin bitamin B1 ne sanadinsa. Saboda wannan bincike aka ba likitan lambar yabo ta Nobel a 1929.

Basmati fa?

Basmati irin shinkafa ce mai dogon ƙwaya da ƙamshi, ana noma ta a arewacin Indiya da Pakistan. Akwai fara, akwai mai dusa. In ta dahu takan yi warwar, kuma ba ta ɗaga sugan jini da sauri kamar farar shinkafa mai danƙo. Shi ya sa wasu masu ciwon suga suke tambayarmu ko dole su saye ta.

Abinci ne mai kyau, wanda yake da hali ya ci. Amma daga nesa take zuwa, tana da tsada, ba ko'ina ake samunta ba. Kada ku sayar da akuya ko ku fasa sayen magani saboda ita. Shinkafar gida, irin wadda ake nomawa a fadamunmu da wajen Yagwa a bakin kogin Logon, tana da dusa kamar basmati. Ku roƙi mai inji ya cire ɓuntu kawai. In a turmi ne, kada a yi ta surfe har ta yi fari.

Shinkafar da aka turara tun tana shanshera, wato gumi, ita ma tana da kyau. Zafin turarawa yana tura wani ɓangaren bitamin cikin farin tsakiya, ko an goge ta ba duka yake tafiya ba.

Wa za ta taimaka?

Mai taurin bayan gida da mai basir: dusar tana tausasa bayan gida, in ana shan isasshen ruwa.

Mai ciwon suga: tana narkewa a hankali. Duk da haka shinkafa ce, in an cika kwano suga zai hau. Ku ɗebi kamar dunƙulen hannunku, sauran kwanon ya zama wake da ganye. Kada ku bar maganinku.

Mai ƙiba: tana daɗewa a ciki, yunwa ba ta dawowa da wuri.

Mai gudawa kuwa ya ci fara mai laushi har ya warke. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita tukuna. Ƙananan yara a dafa musu ta yi laushi sosai.

Yadda za ku dafa ta

1. Ku tsince duwatsu, ku wanke sau ɗaya ko biyu, ban da cuɗawa da ƙarfi.
2. Ku jiƙa ta awa ɗaya ko fiye. Wannan yana rage cin itace.
3. Kofi ɗaya na shinkafa, kofi biyu da rabi na ruwa.
4. In ta tafasa ku rage wuta, ku rufe. Takan ɗauki minti 40 zuwa 45.
5. Ku bar ruwan ya tsotse. In kun tsiyaye shi, kun zubar da bitamin.
6. Kada ku sa kanwa, tana kashe bitamin B1. In da wake za ku haɗa, ku jiƙa waken tun dare, ku fara dafa shi.

Shinkafa da wake suna cika juna wajen gina jiki. Ku ƙara zogale, alayyafo ko miyar kuka, da ɗan kifi ko ƙwai in an samu. In mutanen gida ba su saba ba, ku fara haɗa rabi da rabi da fara.

Ajiya

Man da ke cikin dusa yana lalacewa a zafi. Ku surfa ko ku saya daidai na wata ɗaya ko biyu, sauran ku ajiye shi a shanshera. In ta yi wari ko ɗaci, kada ku ci. Dafaffiyar shinkafa kuma kada ta kwana a wuri mai ɗumi, tana kawo amai da gudawa.

In kuna da tambaya, ku zo mana da ita ranar awo ko ranar duba masu suga. Allah ya ba mu lafiya.